Maganin cefiderocol da halin da asibitocinmu ke ciki

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan ana lafiya ya aiki.

Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan cutukan nan da mutum ke kwasowa a cikin asibiti, ya je da ciwo ɗaya a sa masa robar fitsari ko injin numfashi sai ƙwayar cuta irin su Klebsiella ko Acinetobacter ta shige shi, ai ta allurai amma zazzabi ya ƙi sauka don ƙwayar ta daina jin magani. Da an kai nan likitoci sai su koma kan colistin, tsohon magani ne kuma yana taɓa ƙoda sosai.

To akwai wani sabo, cefiderocol, na kamfanin Shionogi na Japan, Amurka ta amince da shi a 2019. Dabararsa ita ce yana kama sinadarin ayon (wato sinadarin ƙarfe da ke cikin jiki), ita kuma ƙwayar cutar tana bukatar ayon ɗin nan ta rayu, sai ta jawo maganin ciki da kanta ya kashe ta. Wallahi abin sha'awa ne. Amma fa kar a ɗauka sha yanzu magani yanzu ne, don a gwajin da aka yi wa marasa lafiya masu tsanani waɗanda suka rasu a ɓangaren da aka ba shi sun fi yawa in aka kwatanta da ɓangaren da aka ba wasu magunguna, musamman masu Acinetobacter, shi yasa ba a bayar da shi da ka.

Nan damuwata take. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ta fi ko'ina yawan mutuwar in aka kwatanta da yawan jama'a. A 2022 kamfanin Shionogi ya yi yarjejeniya da GARDP, ƙungiya mai aikin samar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, don cefiderocol ya isa ƙasashe 135, madalla, amma in ya iso fa? Asibitoci nawa ne ke da ɗakin gwajin da zai faɗa wa likita wace ƙwaya ce kuma wane magani take ji, ga kemis na sayar da ampiclox ba takardar likita, ga wani ɗakin jinyar ko ruwan wanke hannu babu.

Ina roƙonku ku gayyato likitoci da jami'an NCDC da NAFDAC ku tambaye su shirin da suka yi na gyara ɗakunan gwaji kafin maganin nan ya zo hannunmu.

Nagode,
Mai bibiyarku daga Kano