Sunan shafinku na intanet haya ne, ku daina bari ana gwanjonsa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni fili in ja hankalin masu makarantu da ƙungiyoyi da ƙananan 'yan kasuwarmu kan sunan shafin intanet, wanda ake cewa domen. Da yawa sun ɗauka in sun biya sau ɗaya shikenan ya zama nasu har abada, alhali haya ce ta shekara-shekara, ranar da ba ka sabunta ba akwai masu jira a bakin ƙofa.

Kamfanin da ka yi rajista da shi zai iya ɗaga maka ƙafa har kwana 45, bayan nan a tsarin ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet a duniya, akwai kwana 30 na fansa tare da biyan tara mai tsada, sai kwana 5 a sake shi ga kowa. Amma sunan da ke da masu ziyara ba ya ma kaiwa nan, tun a makonnin farko ake kai shi shafukan gwanjon domen irin su GoDaddy Auctions ko NameJet, mutane daga ko'ina su yi ta tayawa da dala, kuma a GoDaddy in wani ya taya a mintunan ƙarshe sai a ƙara lokaci, haka za a yi ta tafiya har mai ƙaramin aljihu ya haƙura.

Ba sunan ne ya burge su ba fa, tsofaffin masu ziyara da darajar shafin a Google suke saye. Shi ya sa za ka buga adireshin wata islamiyya da ke jikin kalandarsu da rasit ɗinsu sai ka ga tallar caca ta fito, wallahi abin kunya. Wanda ya saya kuma zai iya karɓar duk imel ɗin da aka aika ta sunan.

Yawanci matsalar yaron da ya haɗa shafin ne ya yi rajista da imel ɗinsa da katinsa, ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, saƙon gargaɗi na ta zuwa inda babu mai dubawa. Manya ma suna kan kuɓuce musu, a 2015 wani tsohon ma'aikacin Google ya sayi google.com a dala 12 saboda wani kuskure a tsarin kamfanin, kafin su ankara su soke cinikin.

Shugabanni su sa a mayar da rajistar da sunan ƙungiya da imel ɗinta, a biya na shekara uku ko biyar gaba ɗaya. Masu sunan da ya ƙare da .ng ma su bincika wajen kamfanonin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng na Najeriya, ta amince da su, can da naira ake biya.

Naku,
mai karatu daga Kano