Wasiƙa zuwa ga aminina kan kulle kwamfutar tafi-da-gidanka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, na rubuto ne a kan abin da ka faɗa a saƙonka na baya, cewa duk takardun aikinka sun koma cikin sabuwar kwamfutarka ta tafi-da-gidanka, kuma hankalinka ya kwanta tunda ka sa mata kalmar sirri ta Windows. Ni dai nawa bai kwanta ba, domin wannan kalmar ba ta fara aiki sai Windows ta tashi. Wanda na'urar ta faɗa hannunsa yana iya soka mata filas mai ɗauke da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ya tayar da ita daga can, ko ya ɗauki sukundireba ya kwance murfin ƙasa, ya zare rumbun ajiya, ya jona shi da wata kwamfutar, sai ga takardunka a fili.

Maganin yana farawa daga BIOS, ko UEFI a sababbin na'urori, wato manhajar da ke farkawa kafin komai. Ana shiga cikinta da danna wani madanni da zarar ka kunna: galibi F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. A sashen tsaro za ka tarar da kalmar kunnawa, wadda ke hana na'urar tashi, da kalmar mai kula, wadda ke hana a taɓa saitin. Ka sa duka biyun, sannan ka hana tashi daga filas. A tsofaffin kwamfutocin tebur cire ɗan batirin da ke kan allon ciki ya isa ya goge kalmar, amma yawancin na tafi-da-gidanka suna adana ta inda cire batir ba ya shafa.

Wadda na fi so ka mayar da hankali a kanta ita ce ta uku, kalmar rumbun ajiya. Bambancinta shi ne a jikin rumbun take zaune, don haka duk inda aka kai shi tana biye da shi, kamar kwado a jikin akwati. Tsarin tsaro na ATA, wato ƙa'idar sadarwa tsakanin kwamfuta da rumbu, shi ne ya tanade ta, kuma a ƙarƙashinsa idan aka yi kuskure sau 5, rumbun ba zai sake saurare ba sai an kashe an kunna. Sai dai a rumbu na yau da kullum kullewa kawai take yi, bayanan suna nan yadda aka rubuta su, kuma ƙwararre mai kayan aiki yana iya kaiwa gare su. Saboda haka ka haɗa da mayar da bayanan rubutun sirri, ta hanyar manhajar BitLocker a Windows, ko FileVault a Mac, ko LUKS a Linux.

Duk wannan yana amfani ne idan an kashe na'urar gaba ɗaya. Idan murfin kawai ka rufe ta yi barci, sau da yawa ba za ta tambayi waɗannan kalmomi ba in an buɗe, don haka ka riƙa kashe ta kafin ka sa ta a jaka.

Don Allah kada ka dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai. Wanda ya manta kalmar rumbu yana iya rasa abin da ke ciki dungurungum, kuma ba kowane kamfani ne zai iya buɗe masa ba. Ka rubuta kalmomin a takarda, tare da lambar ceto ta BitLocker mai alƙaluma 48, wadda ake buɗe rumbun da ita idan BitLocker ta kulle shi, ka adana su nesa da jakar kwamfutar. Ka kuma guji haruffa irin su ɓ, ɗ da ƙ, domin BIOS ba ta san su ba, kuma kafin ka taɓa komai ka kwafi muhimman takardunka zuwa wani rumbun daban.

Ka aiko mini da sunan kwamfutar da samfurinta, in duba maka inda kowane saiti yake. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
amininka