Barka da Sallah daga Balensiya

Assalamu alaikum Baba da Inna, da su Yaya da yara baki ɗaya. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ga hoton ragon da Yaya ya turo, ma sha Allah. Baba, Allah ya karɓi layya.

Mu nan mun yi Idi da sassafe a wani fili da aka ba musulmi aro, cikin 'yan Maroko da Senegal da Pakistan. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, wasu ma kai tsaye wurin aiki suka wuce, don ba ranar hutu ba ce a ƙasar nan ta Sifen. Yanka a gida kuwa doka ta hana, sai a mahauta, sai ka ga Sallah ta zo ta wuce ko ƙanshin suya ba ka ji ba. Mai gidan aikinmu, wani dattijo ɗan asalin yankin, shi ne ya ga mun yi jugum ya ce ba zai yiwu mu yi biki da burodi da kifin gwangwani ba. Ya kwashe mu mu huɗu a mota zuwa El Palmar, wani ƙauye kusan kilomita 20 kudu da birni, a bakin tafkin Albufera. Sunan ma daga Larabci ne, Albuhaira, kuma Larabawan da suka mulki yankin su suka kawo noman shinkafa. Hanya duk fadama ce, shinkafa ta yi kore shar, ga balbela sai ka ce a garinmu.

Gidan abincin tsohon gini ne mai farar ƙasa, da teburan katako da kujerun saƙa. Inna, kwantar da hankalinki: sai da muka sayo kaji da zomo wurin mahaucin Maroko muka kai musu, kuma asalin wannan girki ba a sa masa alade. Giya da aka ajiye a tebur muka ce a ɗauke, aka kawo ruwa, ba wanda ya ɓata rai.

Sunan abincin paeya. Matar gidan ta bar ni na tsaya bakin murhu, da itacen lemu take girki. Kaskon ƙarfe ne mai faɗi kamar faifai uku, marar zurfi. Ta soya naman da man zaitun har ya yi ja, ta zuba koren wake da wani farin wake mai faɗi da suke kira garofo, ta sa tumatir da za'afaran, ta tsaida ruwa. Da romo ya yi sai ta watsa shinkafa, 'yar gajeruwa mai ƙiba, kaurinta a kasko bai wuce yatsa ba. Daga nan ba a ƙara taɓawa. Na miƙa hannu zan juya, don na ga kamar za ta kama, matar nan ta buge min hannu da cokali kamar yadda Goggo take yi in mun leƙa tukunya. Ashe kamun ake nema. A ƙarshe har wuta ta ƙara, ta sunkuya tana sauraron ƙarar da gindin kaskon ke yi.

Ƙanzo fa nake gaya muku! Suna ce masa sokarat, kuma shi ne abin alfaharin mai girki. Abin da ake bar wa yara da wanke-wanke a gidanmu, nan manyan mutane ne da gemu suke kankara da cokali suna rigima a kai. Na ba su labarin yadda Auta ke ɓoye tukunya don ƙanzo, dattijon ya ce a gaya mata ita ce mai hankalin gidan.

Abin da ya fi taɓa ni, ba a raba mana a faranti ba. Kaskon aka dire a tsakiya, kowa ya ci gabansa daga gefe zuwa ciki, kuma ƙetara iyakar wani rashin ladabi ne. Rabona da cin abinci a kwano ɗaya da mutane tun ranar da na bar gida. Na yi loma biyu sai maƙogwaro ya riƙe, na ce hayaƙi ne.

Sun kawo wani kifi mai kama da maciji da aka dafa da tafarnuwa da jan barkono, shi ne abincin masuntan ƙauyen. Na ɗanɗana don kunya, ban ƙara ba. Yaji kuwa babu labari, da na san haka da na tafi da ƙullina.

A hanyar dawowa muka tsaya shan orcata. Inna, kunun aya ne, ba ƙari, sai dai ba dabino ba kwakwa, sukari kawai da sanyi. A Alboraya, arewa da birni, suke noma ayar, kuma ba ta isarsu, har daga Nijar da Burkina Faso ake shigo musu da ita. Yuro uku na biya kofi ɗaya, na lissafa da naira na yi shiru.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya, a ba yara, a kai wa Goggo nata. Inna, a soya min rabona a daka dambu a adana, akwai wanda zai taho bayan wata ɗaya. A haɗo da yaji da daddawa. Baba, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Naku, ɗanku na Balensiya.