A ceci tsofaffin jiragen sojan samanmu kafin rana da damina su gama da su

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga Rundunar Sojan Sama ta Najeriya da gwamnatin Jihar Kaduna game da tsofaffin jiragen soja da aka daina aiki da su.

Duk wanda ya tashi a Mando ko Kawo ya saba da ƙarar ƙananan jirage masu farfela suna kewaya sama da safe, amma ba kowa ne ya san tsawon tarihin da ke bayan wannan ƙara ba. An kafa rundunar a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanta na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne, kuma cikin jiragenta na farko akwai Piaggio P.149D da Dornier Do 27. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya shigo da MiG-17 da Il-28 da L-29. Daga baya aka koma koyar da tuƙi a Kaduna da Bulldog na Birtaniya, sannan Air Beetle, wanda a nan garin aka harhaɗa shi bisa zanen jirgin RV-6A na Amurka. Yau Super Mushshak na Pakistan ya karɓi aikin. Ina waɗanda suka gabace shi suke, kuma a wane hali?

A wasu ƙasashe ba a barin irin wannan tambaya ba amsa. An ƙera jirgin Lancaster guda 7,377 a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, amma biyu kacal suka rage da ke iya tashi, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada, kuma sun tsira ne saboda an sami mutanen da suka ƙi yarda a yanka su a sayar da ƙarfen. Afirka ta Kudu na da gidan tarihin sojan sama a Swartkop, kusa da Pretoria, inda ake gyara tsofaffin jirage. Mu ma muna da wasu jiragen yaƙin basasa a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, sai dai ajiye jirgi a fili daban, rayar da shi daban.

Jirgin da aka bari a waje yana mutuwa ne a hankali. Zafin rana yana fasa gilashin ɗakin matuƙi, robobin bututun mai da na birki su bushe su tsattsage, ruwan damina ya kwanta a cikin fukafuki ya riƙa cin alminiyam ta inda ido ba ya gani, ƙurar hunturu ta shiga inji, tsuntsaye kuma su yi sheƙa. Abin da ya fi damuna ma ba jikin jirgin ba ne, takardunsa ne. Kowane jirgi yana da kundin da ake rubuta sa'o'in da ya yi a sama da duk gyaran da aka yi masa, kuma idan kundin ya ɓata, da wuya wata hukuma ta ba shi izinin sake tashi, domin babu mai iya tabbatar da sauran ƙarfin da ya rage wa ƙashin fiffikensa. Haka nan tsofaffin makanikan da suka san waɗannan jirage ciki da bai sun yi ritaya, shekaru sun ja, wasu kuma Allah ya yi musu rasuwa. Ilimin da ke kansu ba duka ne ke cikin littafi ba.

Ba ina cewa a tayar da MiG ba ne. Jirgin yaƙi mai injin jet yana cin kuɗi fiye da kima, kuma haɗarinsa babba ne, kamar yadda aka gani a Shoreham ta Ingila a 2015, lokacin da wani tsohon Hawker Hunter ya faɗo kan titi yayin wasan jirage ya hallaka mutum 11. Irin waɗannan a tsabtace su, a yi musu fenti, a ajiye su a inuwa domin masu kallo. Bulldog da Air Beetle kuwa maganarsu daban ce, domin dukkansu injin Lycoming mai silinda huɗu gare su, wanda har gobe ana samun kayan gyaransa, kuma akwai masu sha'awa a Birtaniya da ke tuƙa Bulldog ɗin da sojansu suka daina amfani da shi. A ganina, mayar da guda ɗaya sama bai fi ƙarfinmu ba.

Kaduna ce ta fi cancanta da wannan aiki. Muna da AFIT, cibiyar koyar da fasaha ta Rundunar Sojan Sama, a cikin gari, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya a kusa, kuma ɗalibin da ya kwance inji da hannunsa a gaban tsohon makaniki zai fi wanda ya gan shi a allo kawai. Ga kuma masu sana'ar ƙarfe na Panteka, waɗanda za su iya ƙera matakala da majingina da shingen wurin baje koli, ko da yake duk abin da zai shiga jikin jirgin da zai tashi dole ne ya bi ƙa'idar hukuma ba tare da sassauci ba.

Na san za a ce ƙasa na fama da matsalar tsaro, kuɗin rundunar na da wurin zuwa, kuma wannan gaskiya ne. Shi ya sa roƙona bai wuce a fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai ba: a ƙidaya jiragen da suka rage, a hana sayar da ko ɗaya ga 'yan gwangwan, a tattara kundayensu wuri guda, a ware musu rumfa, sannan a ba ƙungiyar tsofaffin ma'aikata da masu sha'awa damar neman gudummawa daga kamfanoni da attajirai. Idan an yi haka, a riƙa buɗe wa 'yan makaranta ƙofa ko da sau ɗaya ne a wata.

Wassalam.

Mai karatunka,
Daga Kawo, Kaduna