Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni 'yar sa kai ce a wata ƙungiyar masu ɗauke da cutar ƙanjamau a karkara. Aikina bin sawun waɗanda suka daina zuwa karɓar magani, kuma kwana biyun nan sawun ya yi mini yawa.

Ana ta shela a rediyo cewa maganin kyauta ne. Haka ne, ba a karɓar ko sisi a kan ƙwayar. Sai dai ƙwayar tana babban asibiti, masu shanta suna ƙauye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka. Matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli za ta rufe sana'arta yini guda, ta hau babur zuwa bakin titi, ta shiga mota, ta yanki kati, ta bi layi. In an rubuta mata gwajin ƙoda ko na hanta, daga aljihunta ne. Wata ma mijinta bai san tana sha ba, sai ta nemi dalilin fita. Na zauna da wadda ke tsallake kwana ɗaya don kwalbar ta kai ta kaka. Kai likita ne, ka fi ni sanin abin da ke biyo baya: cutar ta bijire wa maganin, cutar da ta lafa a jini ta sake tashi.

Ranka ya daɗe, kai ka shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, a zamaninka aka tura ungozomomi karkara. Gwamnatinku kuma ta yi alkawarin ƙananan asibitoci masu aiki sama da 17,000 zuwa 2027. To me ya hana maganin nan sauka asibitin mazaɓa? Me ya hana a ba wanda cutar ta lafa a jininsa maganin wata shida a kowace jiha, ba sai inda aka yi dace ba? Mai ciki tana zuwa awo a gaya mata kayan gwaji sun ƙare, ta haihu a gida, jariri ya rasa maganin kariyar da ya kamata ya sha tun ranar haihuwa. Don girman Allah a dubi yaran nan.

Mun ji an ware naira biliyan 4.8 a watan Fabrairun 2025 bayan Amurka ta dakatar da tallafi, mun gode. Amma fargabar da muka shiga a waɗancan makonni ba ta bar mu ba. Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ma tana nan a takarda, alhali har yau akwai ma'aikacin da zai ɗaga murya ya faɗi ciwon mutum a gaban layi.

Abin da nake roƙo ka fara da shi: ka ba da umarni a kai magani da kayan gwajin masu ciki asibitocin mazaɓa, a kuma ɗauke wa masu wannan cuta kuɗin kati da na gwaji.

Wassalam,
Wata 'yar sa kai daga karkara