Wasiƙa Kan Rikicin Gadon Sarauta a Tsohuwar Koriya

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Ka tambaye ni yadda aka yi Silla, wadda ba ta kai Goguryeo ƙarfi ko faɗin ƙasa ba, ta zama ita ce ta rage cikin masarautun Koriya uku, wato Goguryeo, Baekje da Silla. A ganina amsar tana cikin yadda kowaccensu ta tafiyar da maganar gado.

Dubi Goguryeo. A 642 wani babban hafsa, Yeon Gaesomun, ya gayyaci manyan fada kallon faretin sojojinsa, ya sa aka hallaka fiye da ɗari a wurin. Daga nan ya shiga fada ya kashe Sarki Yeongnyu, ya ɗora ɗan ɗan'uwan sarkin, Bojang, a kan karaga, sarki a suna kawai. Jarumi ne, don a zamaninsa aka kori rundunar Sarkin Tang na Sin daga birnin Ansi a 645. Amma ya tattara iko a hannunsa shi kaɗai. Da ya mutu, babban ɗansa Namsaeng ya fita rangadi, ƙannensa suka ƙwace babban birni kafin ya dawo. Shi kuwa sai ya koma wajen Tang ya zame musu ɗan jagora, Pyongyang, babban birnin Goguryeo, ta faɗi a 668.

Silla tana da tsarin da ake kira golpum, wato martabar ƙashi. A sama akwai seonggol, su kaɗai ke da haƙƙin sarauta. Ƙasa da su jingol, sai darajoji na shida, biyar da huɗu. Muƙaman gwamnati 17 ne, biyar na sama na jingol ne kawai. Ɗan daraja ta shida kome iliminsa ba ya wuce muƙami na shida. Har girman ɗaki da launin riga doka ta ƙayyade. Akwai kuma majalisar Hwabaek, kamar masu zaɓen sarki a wajenmu, sai dai su ba sa yanke hukunci sai bakinsu ya zo ɗaya.

Da mazan seonggol suka ƙare, sai aka naɗa mace, Seondeok, a 632. A 647 shugaban majalisar kansa, Bidam, ya yi tawaye yana cewa mace ba ta iya mulki, Janar Kim Yushin ya murƙushe shi. Bayan Sarauniya Jindeok, wadda ta gaji Seondeok, ta rasu a 654 seonggol suka ƙare ƙaf, sarauta ta koma ga Kim Chunchu na jingol, wanda ya zama Sarki Muyeol. Nan ne hikimar take: matarsa ƙanwar Kim Yushin ce, kuma shi ne ya je Tang a 648 ya ƙulla ƙawance. Takobi da karaga suka haɗu a gida ɗaya. A 660 sojojin Silla 50,000 suka gamu da na Gyebaek, janar ɗin Baekje, su 5,000 a Hwangsanbeol, na Tang suka sauka ta teku, Sarki Uija na Baekje ya miƙa wuya.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne tsarin nan ya zo ya ci Silla daga ciki. Tunda kowane jingol na iya hangen karaga, bayan kashe Sarki Hyegong a 780 sai gidaje suka shiga kisan juna, sarakuna 20 suka hau kafin 935. Masu ilimi kuma an rufe musu ƙofa. Choe Chiwon ya ci jarrabawar aikin gwamnati a Tang a 874, ya dawo ya miƙa wa Sarauniya Jinseong shawarwarin gyara a 894, ba a yi aiki da su ba. A 935 Sarki Gyeongsun ya miƙa ƙasar ga Wang Geon, sarkin sabuwar masarautar Goryeo.

Ka gaishe mini da mutanen gida da yara.

Naka amini.