Abin Da Titunan Madrid Suka Koya Mini Game Da Nahawun Sifaniyanci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in faɗa wa ɗalibai masu niyyar zuwa ƙasar Sifen abin da na lura da shi a zamana na Madrid, birnin da mazaunansa suka haura miliyan 3.

Bahaushe yana shiga nahawun Sifaniyanci da ɗan jarinsa a hannu. Kowane suna a harshen ko dai namiji ne ko mace, kuma yawancin kalmomin da suka ƙare da harafin "a" mata ne, kamar yadda muka saba. Yadda "gida" da "ruwa" suka saɓa wa wannan ƙa'ida a wurinmu, haka "día" da "problema" suka saɓa mata a wurinsu. Kalmar "alcalde", wato magajin gari, daga Larabci ta fito, tushe ɗaya da alƙalinmu.

Inda na yi tuntuɓe shi ne wajen girmamawa. Littafi ya koya mini cewa "tú" na aboki ne da yaro, "usted" kuma na babba da baƙon ido, kusan yadda muke ce wa dattijo "ku". Amma a shaguna da jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ke aiki tun 1919, sai na ji matasa suna ce wa sa'annin iyayensu "tú" ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Wata dattijuwa maƙwabciyata ma ta roƙe ni in daina ce mata "usted", domin a cewarta hakan tsufar da ita yake yi. Da farko na ɗauka rashin ladabi ne da gaggawar birni ta haifar, kuma gaisuwarsu da ba ta wuce "hola" ta ƙara mini wannan zato. Daga baya na gane cewa a wurin mutumin Madrid "usted" tazara ce, wanda ya ce maka "tú" kuwa ya jawo ka jiki ne.

Sai dai birnin ba baki ɗaya yake magana ba. 'Yan Kolombiya da yawa da ke zaune a nan suna ce wa har 'ya'yansu "usted", kuma mutanen Latin Amurka ba sa amfani da "vosotros", jam'in da 'yan Madrid ke kiran abokai da shi. Cibiyar kula da harshen, wadda aka kafa a 1713, ta amince da salon Madrid da na Latin Amurka duka biyun.

Ni dai har yanzu da "usted" nake fara yi wa mai furfura magana, sai in shi da kansa ya sauke mini ita.

Naka mai karatu,
daga Madrid.